Yadda ake jan zaman Mos ta rediyo a ƙasar Damargu

Masu rediyon sha'awa a duniya suna da wata al'ada: su ajiye rana da lokaci da zango guda, kowa ya kunna na'urarsa, su yi zance da ƙarar Mos, gajere da dogo, ba tare da buɗe baki ba. Kamar fadar shayi ce a Damagaram, sai dai nan mutum ɗaya ke raba magana. Jiragen ruwa sun bar dogaro da Mos tun 1999, kuma a 2003 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta janye sharaɗin iya shi kafin a ba mutum gajeren zango, amma har gobe ana buga shi, domin wat 5 da batirin mota kan kai shi inda murya ba ta kaiwa. Ga mai son kafa irin wannan zama tsakanin Tanut, Belbeji da Damagaram, ƙarshen Fabrairu zuwa Maris lokaci ne mai kyau: hunturu na ja da baya, tsawar damina mai cika kunne da ƙara kuwa da sauranta.

Takarda ce farko. A Nijar hukumar ARCEP ke kula da zangunan rediyo, kuma lambar kira ta ƙasar da 5U take farawa, ta Najeriya da 5N. Kada kowa ya ɗaga eriya a wannan yanki ba lasisi a aljihu, kuma ya kyautu hukumomin gari su san da zamansa. Dokar wannan rediyo ta hana kasuwanci da saƙon sirri, don haka farashin gero da na raguna a bar wa wayar salula.

Sai eriya. Tsakanin Tanut da Damagaram kusan kilomita 150 ne, tazarar da ba ta son eriya mai tsawo sama. A sami waya ta mita 20, a raba biyu, mita 10 kowane ɓangare, don zangon megahaz 7, a rataye ta mita 4 ko 5 daga ƙasa. Haka saƙo ke miƙewa sama ya dawo kan garuruwan kusa. Idan zaman na dare ne, megahaz 3.5 ya fi, wayar kuwa sai ta ninka. Abin da baƙo bai sani ba shi ne ƙura: iska mai rairayi tana goga waya ta tara mata lantarki, har ka ji ƙas-ƙas a bakin filogi. A kafa ƙarfe a ƙasa inda ake zubar da ruwan alwala, don busasshen yashi ba ya shanye komai, a haɗa jikin na'urar da shi.

Lokaci a rubuta shi da agogon UTC, wanda Nijar ke gaba da shi da awa ɗaya. Bakwai na safe a Belbeji shida ke nan a littafin da ake rubuta bayanin zama. A kauce wa lokacin salla.

Ranar zama, jagora, wato mai raba magana, ya riga kowa. Ya zaɓi wuri a ƙasan zangon, tsakanin kilohaz 7000 da 7040, inda masu Mos ke zama, ya saurara, sannan ya buga QRL? don jin ko da mai wurin. In shiru, ya buga CQ, wato kira ga kowa, sunan zaman, lambarsa, sai QND, wato yau magana ta hannunsa za ta bi, sai QNI, a shigo. Kowa ya ba da lambarsa, ya ƙara QRU in ba shi da saƙo, ko QTC in yana da shi. Jagora ya rubuta, ya mayar da rahoton ji da lambobi uku. 599 na nufin tangaram, kuma an cika ba da shi don kara. A zama irin wannan karar ɓarna ce: wanda aka ce wa 599 alhali 449 ne ba zai taɓa gyara eriyarsa ba.

Masu saƙo biyu a tura su gefe da kilohaz 3 ko 5 su gama su dawo. Sauran a bi su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ake gane jagora. Hannu kan so gudu, amma zama na mafi rauni ne. In sabon shiga ya buga QRS, a sassauta, ko da zuwa kalma 8 a minti. Gara a faɗaɗa tazarar da ke tsakanin haruffa da a ja harafin kansa, domin dogo tsawon gajere uku ne, kuma kunne da wannan kari yake gane harafi. Wanda aka bari a baya ranar farko da wuya ya sake kunna na'ura.

Akwai kuma matsalarmu ta Hausa: Mos na duniya ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. A yi yarjejeniya tun farko a buga b, d, k, inda kuma ma'ana za ta rikice, kamar kafa da ƙafa, a ƙara kalmar da za ta fayyace.

Minti talatin ya isa, kafin rana ta ɗaga zangon ya raunana, na'ura ta ɗau zafi. Jagora ya sallami kowa da QNX, ya buga QNF, wato zama ya tashi, da 73 na bankwana, ya cika littafi da lokaci, zango da rahoto. A zare eriya daga na'ura a jona ta da ƙarfen ƙasa, a rufe madannin buga Mos da ƙyalle saboda ƙura. Kafin a watse a faɗi wanda zai ja zaman mako mai zuwa, da wanda zai karɓa idan batirinsa ya mutu.