Aradu da wayoyin wuta

A ƙasar Damagaram damana takan kama daga watan Yuni zuwa watan Satumba. Hadari yakan taso daga gabas. Da farko iska ta zo da ƙura, gari ya yi ja, sa'an nan walƙiya ta soma, tsawa ta biyo baya. Manomi yana murna. Amma a Birni da Zango da Sabon Gari, wani gida yakan wayi gari telebijin ta mutu, firigo ya daina sanyi, alhali aradu ba ta faɗi a gidan ba. Ƙaƙa haka ke faruwa?

Mece ce aradu?

Aradu wutar lantarki ce wadda ke taruwa cikin gizagizai. In ta yi yawa, sai ta tsallako zuwa ƙasa. Haskenta shi ne walƙiya, ƙararta ita ce tsawa. Wutar da NIGELEC ke kawowa cikin gida ƙarfinta bolt 220 ne. Ƙarfin aradu kuwa miliyoyin bolt ne. Dutsen guga yana jan amper kamar 5, aradu guda tana kai amper dubu 30.

Haske ya fi sauti gudu. Sauti yana cin mita 340 a dakika guda, wato kilomita 1 cikin dakika 3. Wanda ya ga walƙiya, ya ƙirga dakika 6 kafin ya ji tsawa, to aradu ta faɗi a nisan kilomita 2.

Ta ina take shiga gida?

Aradu tana son abu mai tsawo: itace, hasumiya, turken wuta. In ta faɗi a kan waya, ko kusa da ita, sai ƙarfin wuta ya hau farat ɗaya, ya kai dubban bolt. Wannan ƙarfi yana bin waya daga turke zuwa turke, kamar yadda ruwan kwari ke bin hanyarsa, har ya iso gida. Yana kuma shiga ta wayar eriya, da ta farantin tauraron ɗan Adam, da ta allon hasken rana da ke bisa soro.

Abin ba ya kai ƙiftawar ido. Amma kayan cikin rediyo da telebijin da cajar salula ƙanana ne ƙwarai, nan take suke ƙonewa. Wani lokaci rigar waya ta narke, gobara ta tashi.

Kashe makunni bai isa ba. Ratar da ke cikin makunni ƴar kaɗan ce. Wutar da ta keto sararin sama ba za ta kasa tsallake ta ba. Babban makunnin da ke kusa da kontar ma bai isa ba: an yi shi don ya yanke wuta in wayoyi sun haɗu ko kaya sun yi yawa, kuma aradu ta fi shi sauri.

Kariya uku

Ta farko ba ta cin ko dala. Da an ga hadari ya haɗu, a zare wayar telebijin da ta firigo da caja daga bango, a zare wayar eriya. A yi haka tun hadari yana nesa. In tsawa ta riga ta iso bisa gari, kada a taɓa waya.

Ta biyu ita ce wayar ƙasa. Ana kafa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa, a haɗa ta da wayoyin gida, don wutar da ta yi yawa ta sami hanyar wucewa. Ƙasar Zinder rairayi ce da duwatsu, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da kyau. Saboda haka sai a kafa sandar da zurfi, inda akwai laima.

Ta uku wata ƴar na'ura ce, sunanta parafudur. Ana sa ta kusa da kontar. In ƙarfin wuta ya hau, sai ta karkatar da shi zuwa wayar ƙasa. In babu wayar ƙasa mai kyau, aikinta ragagge ne. Tana kuma tsufa, sai a riƙa duba ta.

Dogayen gine-gine suna da tasu kariya: sandar ƙarfe a ƙololuwa, da waya mai kauri har ƙasa. Wani Ba'amurke, Benjamin Franklin, shi ya ƙago ta wajen shekara ta 1752. Wannan sanda gini take tsarewa. Ba ta tare wutar da ta biyo waya daga waje.

Kafa sanda da sa na'ura aikin gwanin wuta ne. Aikin yaro shi ne ya lura da gabas, ya tuna wa manya.

Rai ya fi kaya

Lokacin tsawa a zauna cikin ɗaki, nesa da waya da famfo. Kada a riƙe salula tana bisa caji. Salular da ba a haɗa da bango ba, ba ta jawo aradu. Bayan tsawar ƙarshe a jira minti 30 kafin a mai da wayoyi. Wanda aradu ta buge, wuta ba ta zama a jikinsa. A ɗauke shi, a kai shi likita maza-maza.

Abin riƙewa

Aradu tana iya faɗuwa nesa, ta yi ɓarna cikin ɗaki, domin waya ce hanyarta. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi

aradu: la foudre
walƙiya: l'éclair
tsawa: le tonnerre
wayar ƙasa: la prise de terre
parafudur: le parafoudre

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi aradu ke shiga gida?
2. Don me kashe makunni bai isa ba?
3. Don me ake kafa sanda da zurfi a Zinder?
4. An ga walƙiya, an ji tsawa bayan dakika 15. Kilomita nawa ne nisan aradun?

Aiki

Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen kayan wutan da ke gidansu ko na maƙwabta, ya ja layi ƙarƙashin waɗanda za a zare in hadari ya taso.