Wasiƙa Zuwa ga Samarin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, a Kan Abin da Ke Biyo Bayan Bakin Bindiga

Ƴaƴana da ƙannena,

Ina rubuto muku ne a kan abin da yawancinku ba ku son faɗa a gaban jama'a, wato abin da ke kwana a zuciyar saurayi bayan an ɗora masa bakin bindiga. A ƙasar Gidan Rumji, musamman garuruwan Tsibiri da Gidan Sori da ke fuskantar Sabon Birni ta jihar Sakkwato, kusan kowa ya san wanda aka tare a hanyar kasuwa, ko wanda aka tasa cikin dare aka kore masa shanun huɗa, ko wanda aka tafi da shi daji sai da dangi suka sayar da gona. A Agye da Gazawa abin bai kai nan ba, amma labari na zuwa a bakin fatake da ƴan kabu-kabu, kuma iyaka ba nisa gare ta ba. Kun ga yadda ƴan gudun hijira suka fara kwararowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a shekarar 2019, har hukumar kula da ƴan gudun hijira, UNHCR, ta ƙirga fiye da mutum 70,000 a jihar Maraɗi a farkon 2021, aka kuma janye wasunsu daga bakin iyaka zuwa Cadakori da Ɗan Daji Makau da Garin Kaka. Maganata a kan wannan guda ce. Wanda aka nuna wa bindiga ya tsira da ransa bai yi abin kunya ba, kuma in ya je ya sayi tasa, abin da aka ƙwace masa ba zai dawo ba, sai dai ya jawo wa garinsu wata masifar a kan ta farko.

Mu fara da sa'ar da abin ke faruwa. Mai riƙe da bindiga a daji sau da yawa yaro ne sa'anku, a tsorace yake, wataƙila ya sha ƙwaya, kuma yatsansa na kan kunama. Ba ya bukatar dalili mai ƙarfi, motsin hannu zuwa aljihu ya ishe shi. Don haka in ranar ta zo, Allah Ya kiyaye, a bar hannu inda zai gan shi, a yi magana a hankali, kada a yi gardama a kan waya ko babur ko kuɗin cinikin ranar, kada kuma a nuna an gane fuskar wani a cikinsu, domin wanda aka gane yakan yi kisa don ya rufe baki. Na san yadda wannan ke yi wa ɗan Gobir ko ɗan Katsina ciwo a kunne, shi da ya tashi yana jin tarihin kakannin da suka kafa Tsibiri da Maraɗi don sun ƙi miƙa wuya. To amma ku tuna da sahabi Ammar ɗan Yasir, wanda aka azabtar har ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, kuma addini bai ɗora masa laifi ba. In an yi wa mutum uzuri a kan kalmar da ta shafi imani saboda tilas, ina ga babur? Abin da ake bukata daga gare ka a wannan sa'a shi ne ka rayu, ka kuma riƙe abin da ka gani: babura nawa ne, ta ina suka ɓullo, ina suka nufa, wane suna suka kira junansu.

Bayan nan ne ciwon da ba a gani yake farawa. Barci ya ƙaurace, ƙarar babur da dare ta sa gaba ya faɗi, mutum ya riƙa maimaita abin a ransa yana cewa da na yi kaza, da na yi kaza. Wannan ba ragwanci ba ne, haka jikin ɗan Adam yake amsa firgita, kuma ma'aikatan lafiya sun san shi. Wanda ya ɓoye shi yakan nemi mafaka wajen taramol, ko ya huce a kan matarsa da ƙannensa. A faɗa wa uba ko kawu ko malami, a je asibiti in barci ya ƙi zuwa. Ku kuma abokai, ku daina tambayar da ke kashe zuciya, wai kai kana tsaye aka tafi da shanun babanka. Ƴan uwanku mata da aka sace aka sako sun fi kowa bukatar wannan sassauci. Garin da ke tsegumi a kan yarinyar da ta dawo daga daji, ko ya hana a aure ta, yana ƙarasa wa ɓarayi aikin da suka fara.

A cikin wannan zafin ne wani zai raɗa maka cewa maganin bindiga bindiga ce, a haɗa kuɗi a saya, a kafa ƙungiya. Ba sai mun yi hasashen inda hanyar ke kaiwa ba, maƙwabtanmu sun bi ta a gabanmu. A Zamfara, lokacin da satar shanu ta yi yawa, samarin ƙauyuka sun kafa ƴan sa kai da niyyar kare garuruwansu, kuma da yawansu mutanen kirki ne da aka zalunta. Amma ɗan sa kai ba ya iya shiga daji ya kamo ɓarawon da ke da bindiga ta fi tasa, sai ya kama wanda hannunsa ya kai gare shi, wato Bafulatanin da ya zo cin kasuwa. Aka riƙa kashe mutane a bainar jama'a ba shari'a, ƴaƴan waɗanda aka kashe suka shiga daji, ƴan bindiga suka sami abin da ba su da shi a da, wato hujjar ramuwa da sababbin mayaƙa. Ƙungiyar International Crisis Group ta ƙiyasta a 2020 cewa an kashe fiye da mutum 8,000 a arewa maso yammacin Najeriya tun daga 2011. A watan Oktoba na 2021 ƴan sa kai sun kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, cikinsu har da limami. Kafin watan ya ƙare ƴan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe fiye da 40, kuma gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya ƙare da haramta ƙungiyar ƴan sa kai. Waɗanda suka mutu a Goronyo masu saye da sayarwa ne, ba su san hawa ba balle sauka. Ita dai International Crisis Group ta yi gargaɗi a 2021 cewa yankin da ya tashi daga Maraɗi zuwa Dogon Dutsi na iya bin sawun nan, in aka bar ƙungiyoyin tsaron kai suka zama na ƙabila guda.

Kada wani ya ce mu ƴan Nijar ba haka muke ba. Ku tambayi dattawanku labarin Toda, a nan ƙasar Gidan Rumji. A ƙarshen Oktoba na 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya ya kai ga kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. An yi wannan a zamanin da irin bindigogin yau ba su cika daji ba, tun kafin rumbunan makaman Libiya su fashe a 2011. Abin da fushin taron jama'a ya aikata a wancan lokaci ke nan, kuma waɗanda suka aikata shi manoma ne irin iyayenmu, masu salla da azumi, waɗanda kowannensu ya ɗauka yana rama wa ɗan uwansa ne. Ina roƙonku ku tsaya ku auna abin da irin wannan rana za ta haifar in a kowace unguwa akwai samari goma masu bindiga mai jigida.

Za ku ce, to mu zauna a yanka mu? Jandarmomi na nesa, soja kan iso bayan ɓarayi sun tsallaka iyaka, kuma ko gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce wa mutanensa a watan Yuni na 2022 su nemi izinin riƙe bindiga. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma duk wanda ya raina shi bai taɓa kwana a garin da ake jiran hari ba. Amma ku dubi abin da ya biyo bayan kiran na Zamfara: ba a daina kai hari ba, ba a daina satar mutane ba. Ku dubi kuma Banibangu a jihar Tillaberi, inda a watan Nuwamba na 2021 magajin gari da kansa ya jagoranci ƴan sintiri suka fita neman maharan da suka addabe su, aka yi musu kwanton ɓauna a Adabdab, mutum 69 suka mutu har da shi. Maharan can masu iƙirarin jihadi ne, namu na nan ɓarayin daji ne, amma lissafin bai canza ba. Mai gona yana da gida da mata da rumbu a wuri guda da kowa ya sani, shi kuwa na daji shi ke zaɓen rana da sa'a, kuma kuɗin fansa na saya masa makamin da karo-karon ƙauye ba zai taɓa saya ba. Garin da aka san yana da bindigogi ya tashi daga wurin da ake sata ya koma wurin da ake yaƙa. Ga kuma doka: riƙe bindiga ba izini laifi ne a Nijar, kuma tun 1994 ƙasar ke da hukumar karɓar haramtattun makamai. Saurayin da soja suka tsinta da bindiga a daji da dare ba shi da wata alama a goshi da za ta raba shi da ɓarawo.

Wani zai kawo hujjar addini, cewa an yi wa wanda ya mutu yana kare dukiyarsa da iyalinsa bushara da shahada. Haka ne, kuma dokar ƙasa ma ta san kare kai. Wanda aka faɗo wa gida ya tunkuɗe maharin da abin da ke hannunsa, ba ni da abin cewa a kansa sai addu'a. Sai dai wannan hukunci na sa'ar da aka afka maka ne. Bai ba ka izinin ka wayi gari bayan mako biyu ka nufi rugar da ba ka da shaida a kanta ba, kuma addinin da ya yi waccan bushara shi ne ya hana a ko nuna wa ɗan uwa makami, ya kuma hana a kama wani da laifin wani.

Ƙarfin da ke hannunku yana wani wuri, kuma ya fi yadda kuke zato. Ɓarawon da ya taso daga dajin Zamfara ko ya ɓuya a dajin Babban Rafi bai san wanda ya sayar da sa ranar kasuwa ba, bai san ɗakin da alhaji ke kwana ba, bai san daren da sojojin rundunar Farautar Bushiya suka koma bariki ba. Wani ne ke gaya masa, kuma wannan wani yana shan shayi tare da ku. Wani ke kai masa mai a jarka, wani ke kai burodi da ƙwaya da katin waya, wani ke sayen saniyar da kowa ya san kuɗinta bai kai haka araha ba. Yawancin masu wannan aiki samari ne da talauci ya matsa, aka saye su da jika biyar ko goma. Ku ne kuka san wanda ya yi sabuwar waya ba sana'a, ku ne za ku iya janye shi tun bai nutse ba, in ya ƙi kuma ku kai maganarsa ga mai gari da hukuma a asirce, ba ku yanke masa hukunci da hannunku ba. Sintirin da ke da amfani shi ne na ido da kunne da waya, wanda mai gari da jandarma suka san da shi, wanda kuma akwai ƴaƴan ruga a cikinsa, domin makiyayi ne ya fi kowa sanin sawun da ya ratsa daji, kuma shi ma shanunsa ake korewa. Mutanen Agye sun riga sun nuna ana iya irin wannan tsari. A Ɗan Saga da garuruwan kewaye, kwamitocin gari da suka haɗa maza da mata, manoma da makiyaya, su ne suka tsare itatuwan da aka raya a gonaki daga masu saran dare, da yarjejeniya da tara da sa ido. Ɓarawon itace ba ɗan bindiga ba ne, na sani, amma garin da ya saba zama a inuwa guda ya yanke shawara ya fi wuyar a sami ɗan rahoto a cikinsa. In kuma ɓarnar gona ce ta taso, akwai kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada, akwai sarakuna, a kai can tun abin bai zama jini ba.

Sauran aikin na neman haƙƙi ne. A watan Satumba na 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zo Maraɗi sun zauna da gwamnan jihar a kan tsaron iyaka, abin da ke nuna hukumomi kan motsa in kuka ya yi yawa. Ku da kuka yi makaranta, ku riƙa rubuta kowane hari: rana, wuri, abin da aka ɗauka, sa'ar da aka kira jami'an tsaro da sa'ar da suka iso. Ku kai wa sarki da shugaban gunduma, ku nemi a girke jami'ai a inda rubutun ya nuna ana yawan ratsowa, ku nemi lambar da za a kira a ɗauka, ku kuma nemi a ɓoye sunan wanda ya ba da labari.

Allah Ya tsare ku, Ya tsare iyayenku da garuruwanku.