Shawarwari Bakwai Ga Gidan Da Ke Son Dogon Labari

A Mada, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu, halin tsaro ya rage hirar dandali. Ana sallame Isha'i kowa ya ja ƙofarsa, dare kuwa ya yi tsawo. Littafi mai kashi-kashi, irin na sarakuna da aljannu da sadaukai, wanda ake gama na ɗaya a kwana da tunanin na biyu, yana cike wannan giɓin da kuɗi kaɗan.

1. A fara da Magana Jari Ce. Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta shi a Zariya, kashi na ɗaya ya fito a 1937, kuma kashi uku ne masu ɗauke da labarai sama da 80. Ƙashin bayansa shi ne aku, wanda ke riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari kowane dare har gari ya waye, don kada ya fita ya bi sahun mayaƙa ya faɗa tarkon waziri. A kashi na uku akun yana horar da ɗansa ne. Kowane labari yana ƙarewa a zama ɗaya, amma babban zaren yana nan yana ja, shi ya sa ya dace da gidan da bai saba ba. Daga nan sai Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta yi wa juna ƙeta gari-gari, da Ganɗoki na Bello Kagara. Dukkansu biyu daga gasar rubutu ta 1933 suka fito. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa na masu son gumurzu ne. Yaron da hankalinsa ke kan taurari kuwa a nemo masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969.

2. Mutum ɗaya ya karanta a bayyane, saura su saurara. Wannan ita ce shawarar da na fi ba muhimmanci. In kowa ya shige lungu da nasa littafin, gida ya yi shiru ke nan, ba a ƙaru da juna ba. Amma in 'yar aji huɗu ta zauna gaban fitilar sola tana karantawa, Inna da ba ta yi boko ba ta samu rabonta, har ta riƙa katse ta: "Ke tsaya, wannan wazirin ba shi ne ya aika wasiƙar ba?" Yarinyar ma bakinta zai sake da karatu fiye da yadda allon aji zai sakar mata. A riƙa juyawa, yau wannan gobe wancan, har da maigida in ya yarda ya sauya murya wajen maganar aljani.

3. A rufe littafi a daidai inda ya fi daɗi. Yara za su yi ta magiya, "Baba, shafi ɗaya kawai!" Kada a saurare su. Da wannan dabarar Shaharzadu ta tsira da ranta a Dare Dubu da Ɗaya, kuma rabin daɗin dogon labari yana cikin yinin da ake yi ana gardama a gona ko a bakin rijiya kan ko jarumin zai kuɓuta.

4. Kada a sayi na ɗaya sai an ga na ƙarshe. Littattafan yaƙi na marubutan Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sirara ne, kuma kowane kashi yana yankewa ne takobi na sama. Wanda ya taɓa samun na ɗaya da na biyu ya rasa na uku ya san ciwon abin. In za a ba direba sautu zuwa Gusau ko Kano, a rubuta masa sunan littafin da adadin kashinsa a takarda. Gidaje uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi labarai daban-daban su riƙa musanya, amma a ajiye littafin rubuta sunan wanda ya ara, domin littafin aro ba ya son dawowa.

5. Babba ya riga yara dubawa. Wasu littattafan yaƙi cike suke da bokaye da tsafi da sare kawuna, Dare Dubu da Ɗaya kuma yana da wuraren da ba na kunnen yara ba ne. Yaran wannan yanki sun ji labarin tashin hankali na gaske ya ishe su. In an lura wani yana firgita cikin barci, a koma labaran ban dariya. In ƙaramin yaro ya tambaya ko boka na iya yin abin da aka karanta, a amsa masa kai tsaye cewa ƙagaggen labari ne.

6. Littafi ba ya zuwa gaban sallah, makarantar allo ko noma. Da damina a taƙaita shi zuwa rabin awa, a bar dogon zama sai an gama kaka, sanyi ya shigo. Mai tuƙa tuwo kuma ta ajiye littafin nesa da murhu.

7. Takardar waɗannan littattafai ba ta da ƙwari. A naɗe bangon da takardar siminti, a ɗinke gindin da zare tun bai fara zubewa ba, a sa a leda a ɗora a sama saboda gara da danshin damina. Masu sauraren littafi a waya, wanda aka tura musu a memori ko ta WhatsApp, su cire abin kunne su ajiye wayar a tsakiyar tabarma kowa ya ji, kuma a kai ta caji tun da rana, kada ta mutu sadauki na tsakiyar kogon aljannu.