Tsofaffin Motoci Uku a Ƙofar Gida: Wacce Za a Tayar, Wacce Za a Sayar?

TAMBAYA: Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar Fijo 504 salun a rumfar gida, rabonta da titi shekara goma sha ɗaya. A watan jiya kuma wani maƙwabcinmu da zai tashi daga unguwa ya sayar mini da Bosuwaja ƙirar Bitil da Marsandi 230E a kan kuɗi kaɗan, duka biyun ba sa tashi. Abokaina na cewa in gyara dukkansu in sayar wa masu sha'awar tsofaffin motoci, wai akwai riba. Mai ɗakina kuma ta ce in kira 'yan gwangwan su kwashe. Ni ma'aikaci ne, albashi nake jira. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ɗan'uwa, ba a tauna taura biyu, balle uku. Mai jiran albashi mota ɗaya zai iya tayarwa, ita ma sai da haƙuri. Ɗaya za ka riƙe, biyu su tafi, kuma su tafi yadda suke tun ba a kwance musu ko noti ɗaya ba. Amma kafin mu zo kan wacce za a riƙe, akwai abin da ya riga sifana da sukudireba.

Fijon Baba ba taka ba ce tukuna. Dukiyar magada ce har sai an raba gado. Idan ka zuba kuɗinka a kanta yanzu, ranar rabo za a yi mata ƙima ne a matsayin mota mai tafiya, kuɗinka ya narke a cikin rabon kowa, daga nan kuma zumunci ya fara tsami. Ka tara 'yan'uwanka maza da mata, a kira wanda ya san farashi ya yi mata kuɗi a yadda take yau, a sa ta a kasonka ko ka biya sauran, a rubuta, shaidu su sa hannu. Su kuwa biyun da ka saya, ka duba lambar shasi da ta inji, ka gwada su da abin da ke cikin takardu. A Bitil lambar shasi tana ƙarƙashin kujerar baya, a kan doron da ya ratsa tsakiyar motar. Marsandin daga waje ta shigo, saboda haka ka nemi takardar kwastan, ka kuma karɓi takardar ciniki daga hannun maƙwabcin naka tun kana iya samunsa. Motar da ba ta da takardu, komai kyanta, kayan gyara ce kawai a wurin mai saye mai hankali.

Da an gama da takardu sai jiki. A nan mutane suka fi yin kuskure, domin kowa tambayarsa ɗaya ce: injin yana tashi? Inji ana ɗaga shi a sa wani cikin kwana biyu. Bodin da tsatsa ta cinye kuwa shi ne ke cin kuɗi ba ya ƙoshi. Mu a Arewa muna da sa'a guda: iskarmu busasshiya ce, ƙarfe yana daɗewa fiye da na motar da ta zauna a Legas ko Fatakwal, inda gishirin teku da laima ke cin ta. Sai dai motar da ta yi damina goma a kan turɓaya, ruwa na kwanciya a ƙarƙashinta, ta rasa wannan sa'ar. Ka ɗaga dardumar ƙasa, ka cire kujeru, ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukudireba, ka riƙa dannawa. Inda ƙarfe ya amsa da ƙara, lafiya. Inda ya lotsa ko ya ruɓe kamar ganye, ka yi masa alama da alli.

Kowace mota da inda take ruɓewa. A 504 ka duba daɓen ƙasa, da ƙasan ƙofofi, da kewayen gilashin gaba, da cikin but, sannan musamman inda kan shoka ke zama a cikin ɗakin inji. A Marsandi ka duba ramukan da ake sa jak, da ƙarƙashin batir, da magudanan ruwa da ke bayan inji, waɗanda ganye da ƙura ke toshewa har ruwa ya riƙa zuba cikin mota. Bitil kuwa gangar jikinta a ɗaure take da noti a kan faranti, kuma dogayen bututun ƙarfen da ke bin gefenta biyu a ƙasan ƙofofi su ne ƙashin bayanta. In sun ruɓe, sai an raba jiki da faranti kafin a yi walda ta gaskiya, kuma ba kowane mai walda ne zai mayar da ƙofofin su rufe daidai ba. Ka duba ƙarƙashin kujerar baya ma, inda batir yake, domin ruwan batir yakan huda wurin. Ka ɗauki ƙaramin maganaɗisu ka bi jikin kowace mota da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa aka rufe da fenti.

Abin da ranarmu ta bar wa ƙarfe, ta karɓe shi a wurin roba. Dashbod zai tsage, robobin ƙofa da na gilashi su bushe, tiyo-tiyon mai da na birki su yi tauri. Ɓeraye kuma sun fi kowa son motar da aka ajiye: su ci waya, su yi sheƙa a cikin kushin. Wannan duk ana sayensa, amma sai ka sa shi a lissafi.

Ina roƙonka, kada ka bari wani ya zo da batir da galan ɗin fetur ya ce bari a ji ƙararta. Injin da ya yi shekara goma a kwance, baƙin mansa ya gangare, bangon silinda ya bushe, ringi na iya liƙewa. Murza makulli a wannan hali yana iya karya ringi ko ya kankare silinda cikin daƙiƙa kaɗan. A cire fulogai, a ɗiga ɗan mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da sifana a hankali. In ya juya, a zubar da tsohon baƙin mai, a sa sabo da sabuwar matata, a ba shi fetur daga jarka mai tsabta, domin abin da ke cikin tankin ya riga ya zama danƙo. Bayan nan a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Idan bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, injin yana da sauran rai. Kuma ko ta tashi, kada ta taka titi sai an sake man birki da tiyonsa, an sake tayoyi. A gefen taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga lamba uku ce, tayar ta girmi shekarar 2000. A Bitil tsohon tiyon fetur yana wucewa ne dab da inji mai zafi, kuma shi ne sanadin gobarar da ta cinye da yawa daga cikinsu.

Yanzu maganar riba da abokanka ke yi. Farashin da suke gani a intanet na gaskiya ne, sai dai ba na irin motocinka ba ne. Fijo 504 da ake rububi a Turai ita ce mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen kai, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera jikinsu, ba su kuma da yawa. Salun irin ta Baba an yi ta miliyoyi. Marsandi mai lamba W123, wato dangin taka, an ƙera kusan miliyan 2.7 tsakanin 1976 da 1986. Bitil ta haura miliyan 21 kafin a rufe ƙera ta a Meziko a 2003. Mai saye na gaske yana biyan kuɗi ne saboda asali: inji na asali, kujeru na asali, launi na asali, takardu a jere. Namu na gida kuwa yawanci an sake musu inji, an ɗinke kujeru da wata leda, an yi fenti uku a kan juna. Ga kuma kayan gyara da ake saye da dala ko yuro, alhali mai sayen naka da naira zai biya. A tsawon shekarun da na yi a wannan sana'a, waɗanda na ga sun ci riba a gyaran tsohuwar mota su ne masu yin aikin da hannunsu a garejinsu. Wanda zai biya bakanike, ya biya mai walda, ya biya mai fenti da mai waya da mai ɗinkin kujera, da wuya ya mayar da uwar kuɗinsa.

Akwai wata Marsandi da har yau take ci mini rai. Mai ita ya kawo ta tana tafiya da kanta, hayaƙi kawai take yi. Ya ce a tuɓe ta gaba ɗaya a mayar da ita sabuwa. Aka sauke inji, aka cire gilasai, aka kankare fenti, sai kuɗi suka yanke. Shekara huɗu tana zaune a kan duwatsu, ƙananan kayanta na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har aka sayar da ita a kan sikeli. Motar da take a haɗe, ko ba ta tashi, tana da mai saye. Wadda aka zuba a buhuna ba ta da shi. Shi ya sa na ce kada a kwance komai a jikin wadda za ka sayar.

Da ni ne kai, Fijon zan riƙe. Ba don ta Baba ce kaɗai ba, ko da yake wannan ma dalili ne mai nauyi, domin shi zai hana ka yasar da aikin a tsakiya. 504 ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar Fijo a Kakuri, Kaduna. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Ma'anar wannan a wurinka ita ce daga Zariya, Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano duk tafiyar yini ce ka je ka dawo da kaya, kuma har yanzu akwai dattawan makanikai da suka girma a kan kafiretarta, suna gane ciwonta da kunne.

Marsandi 230E mota ce mai daraja, amma harafin nan na ƙarshe yana nufin ba kafireta gare ta ba, na'urar fesa mai ce ta Bosch da ake kira K-Jetronic. Tana aiki da matsin fetur ta ƙananan ƙofofi, kuma ba abin da ta tsana kamar zama da tsohon mai. Masu iya gyara ta ƙalilan ne. Yawanci sai a cire ta a ɗora kafireta, a yi gyaran gangar Auzinawa, darajar motar ta faɗi. Makullan ƙofofinta ma da zuƙar iska suke aiki ta siraran tiyo da suka bi ko'ina. Ka bar ta ga wanda ya san ta kuma yake da aljihunta. Bitil ta fi su sauƙin inji, ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta, amma in maganaɗisu da sukudireba sun nuna gefenta ya ruɓe, ba aikin mai albashi ba ce. Sharaɗi ɗaya ne zai sa in sauya wannan hukunci: idan ka tarar Fijon ta ruɓe a mazaunin shoka da daɓe, wata daga cikin biyun kuma jikinta garau. A nan sai ka bi lafiyar ƙarfe, ka ajiye tambarin zakin da sitiyarin Baba don tunawa.

Wajen sayarwa, kada ka fara da 'yan gwangwan, domin su nauyin ƙarfe suke saye. Ka wanke motocin, ka hura tayoyi, ka ɗauki hoton ko'ina har da wuraren da suka lalace da lambar shasi, ka faɗi aibinsu tun kafin a tambaye ka, kamar yadda addini ya umarci mai sayarwa. Ka sanar da tsofaffin makanikan Marsandi da na Bosuwaja, su ne suka san masu nema. Kada ka yarda a ciri fitila ko bamba ko tambari a saya daban. Waɗannan ƙananan kayan su ne suka fi wuyar samu, kuma su ke riƙe da farashin motar. Ka yanka wa kanka wa'adi, misali wata biyu, domin kowace damina da suka ƙara yi a waje tana rage musu kuɗi.

Kuɗin da ka samu ka ware su don Fijo kaɗai. Kada ka nufi mayar da ita sabuwa fil a karon farko. Ka tayar da ita ta yi tafiya lafiya: birki, sitiyari, tayoyi, tanki, lagireto, waya. Ka hau ta wata shida, ka ga ko zuciyarka da aljihunka sun ɗauke ta, musamman da yake tun cire tallafin mai a 2023 kowace lita sai an lissafa ta. Fenti da kujeru su zo ƙarshe. Ka sa bakanike ya rubuta maka kuɗin kowane mataki daban, ka biya mataki-mataki, ka kuma tanadi kusan rabin abin da ya faɗa a gefe, domin abin da ke ɓoye sai an buɗe ake ganinsa.

A wannan makon ka fara da kiran 'yan'uwanka kan maganar gado, sannan ka shiga ƙarƙashin motocin da tocila. Ka rubuto mini abin da ka gani a mazaunin shokar Fijon da sakamakon awon silinda, in sha Allahu zan gaya maka aikin da za a fara da shi.