Amsoshin Tambayoyinku: Wankin Fim Idan Haske Ya Gaza

Malam mai sauraronmu daga Damana ta Tondikandiya, kana tambaya: ka ɗauki hoton kasuwar Filinge da magariba da fim baƙi da fari mai lamba 100, ka saita kyamara a 400, ko zai fito?

Zai fito, Malam. Hasken da fim ya samu kashi ɗaya ne cikin huɗu na buƙatarsa, don haka sai ka ƙara masa lokaci cikin maganin wanki, gwargwadon umarnin kamfanin maganin. Fari zai ƙara fari, baƙi ya ƙara baƙi, hoton ya yi tsaki-tsaki. Abin da inuwa ta haɗiye kuwa ba ya dawowa.

Kula da zafin yankinku: sanyaya maganin da ƙanƙara zuwa digiri 20 kafin ka soma. Allah ya ba da sa'a.