Jirgin Ƙasa Zai Tsaya Maraɗi: Abin Da Tasawa Da Mayahi Za Su Yi Da Wanda Ba Za Su Yi Ba

Ranar 9 ga Fabrairun 2021, a zamanin shugaba Muhammadu Buhari, aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Tsawonsa kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke riƙe da kwangilar, kuɗinta kuwa ya kusa dalar Amurka biliyan 2. Layin zai ratsa Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, sannan ya tsallako ya tsaya Maraɗi. Ku sake karanta sunayen nan. Babu Tasawa a ciki, babu Mayahi. Daga Tasawa zuwa Maraɗi tafiyar sama da kilomita 100 ce, daga Mayahi kuwa kusan 90.

Wannan ba shi ne karo na farko da jirgi ya matso kusa da mu ba. Da ya iso Kano a 1911, cikin ƴan shekaru gyaɗa ta zama kuɗi, har kakanninmu suka riƙa ɗora ta bisa raƙuma da jakuna suna gangarawa kudu. Su ne suka yi noman, amma dalar gyaɗa a Kano aka tara ta, ribar kuma ta zauna wurin mai awo da mai ɗakin ajiya. Ba mu son tarihi ya maimaita mana wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ga gargaɗi tun jirgin bai yi kuka ba.

ABIN DA ZA A YI

1. A gyara hanyoyin ƙauye kafin komai. Jirgi ba ya shiga gona. Duk wanda ya taɓa bin hanyar rairayi a yankin Gulbin Kaba ya san abin da nake faɗi: mota ɗauke da wake ta kafe, yaran mota sun sauke buhuna sun jera a ƙasa, suna tona ƙarƙashin taya da hannu, suna cusa kara da ganyen kaba, mai kaya yana zaune gindin gawo yana kallon rana tana faɗuwa, kasuwar da zai ci ta riga ta watse. Irin wannan hanya ita ke cinye ribar manomi. A haɗa Kanambakashe, Isawan, Attantane, Sarkin Hausa da Urafan da kwalta ta hanyar da mota za ta bi rani da damina. A kuma kula da hanyar Mayahi zuwa Cadawa da babbar hanyar da ta bi ta Gazawa da Agye, domin su ne maƙogwaron da kayanmu za su bi.

2. A haɗa kai a tara kaya wuri ɗaya. Tarago ɗaya yana cin ɗaruruwan buhuna, kuma hukumar jirgi ba za ta tsaya ciniki da mai tiya goma ba. Manomi shi kaɗai zai koma hannun dillali kamar yadda ya saba. Ƙauyuka su kafa ƙungiyoyi na gaskiya, masu takarda da littafin lissafi da ma'aji amintacce, wanda zai iya tsayawa gaban jama'a ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. A gina ɗakunan ajiya a Tasawa da Mayahi, a sa sikeli na gaskiya. Mai wurin ajiya shi ke yanka farashi. Wanda ba shi da shi dole ya zubar da wakensa da kaka a kuɗin banza, ya dawo da bazara ya saye shi ninki. Tsarin jinginar da amfanin gona a karɓi rance, a fanshe idan farashi ya tashi, sananne ne a jihar Maraɗi. A faɗaɗa shi, a tsare shi daga masu ci da gumin talaka.

4. A tsaftace kaya, a rage sayar da su ɗanye. Muna da wake, riɗi, gyaɗa, aya, da jar akuyar da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. A sheƙe, a tankaɗe, a ware babba da ƙarami. A taimaki mata masu tatsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da masu saƙar tabarma da injuna da jari. Mahauta su koyi fiɗa ba tare da yanka fata ba, domin wuƙa ɗaya da ta zame tana karya darajarta a majemun Kano.

5. A dubi kudu, kada ido ya tsaya kan Maraɗi kaɗai. Mutumin Korgom da na Hawandawaki sun fi kusa da Daura a kan Maraɗi, kuma layin zai bi ta Daura. Hukumomin Nijar da Najeriya su zauna su fayyace mashigin da aka yarda da shi, takardun da ake bukata da kuɗin da za a biya, a rubuta da Hausa a kafe a fili, a kuma karanta a gidajen rediyon karkara. Abin da aka rubuta aka kafe, da wuya wani ya ƙara masa sifili.

6. A tura yara koyon sana'ar da jirgi ke bukata. Za a nemi masu walda, masu aikin lantarki, makanikai, masu lissafin kaya da masu cika takardun duwan. Ga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ga jami'ar sufuri a Daura, ga cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi. Yaron da bai iya komai ba, dako zai yi a tasha. A sa ƴan mata cikin lissafin, domin riƙe littafi da alƙalami ba ya bukatar ƙarfin ƙirji.

7. A nemi ƙarin layin zuwa Damagaram da murya ɗaya. Tasawa tana kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kuma tun zamanin ayari zango ce tsakanin Kano da Agadas. Sarakuna, alhazan kasuwa da ƴan bokonmu su kai wannan bukata a rubuce, da lissafin buhunan da ke fita kowace kaka da dabbobin da ke fita kowace kasuwa. Su kuma dage a kan faɗin layin ya zama iri ɗaya da na Kano, wato milimita 1,435, don kada a riƙa sauke kaya ana sake lodi a tsakiyar hanya.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada a naɗe hannu ana jiran jirgi ya kawo arziki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. An shimfiɗa layi mai kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, kamfanin Bolloré ya yi aikin, aka yi bikinsa a 2016. Bai haɗu da layin Benin da ya tsaya Paraku ba, rigimar kotu ta shigo, ƙarafa suka kwanta suna tsatsa, bai ɗauki buhun manomi ko ɗaya zuwa teku ba. Layin Kano zuwa Maraɗi ma an sha ɗaga ranar gama shi. Duk abin da aka lissafa a sama yana da amfani ko jirgin ya makara.

2. Kada a sayar da gona don an ga baƙo da jakar kuɗi. Da an ji ƙamshin babban aiki, masu sayen fili ke fara zuwa, su sayi bakin hanya da arha su zauna jira. Gonar gado ba ta mutum ɗaya ba ce. Kada wa ya sayar a bayan ƙannensa, kada a danne rabon mata da marayu. Duk cinikin fili ya bi ta hukumar filaye, wato COFO, da shaidu da takarda. In aikin hukuma ya ci gonar mutum, a biya shi diyya kafin a sa katafila.

3. Kada a toshe burtali, kada a cinye makiyaya. Dabbar da za a loda a tarago da ƙafarta za ta zo. Wanda ya nome hanyar shanu don ya ƙara kunya biyu ya sayo wa garinsa fitina da makiyaya, fitina kuwa ba ta barin kasuwa ta ci.

4. Kada a yi algus. Kada a zuba yashi cikin riɗi, kada a jiƙa kaya don su yi nauyi, kada a sa mai kyau a bakin buhu a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Mafi muni, kada a zuba wa wake guba don tsoron ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, laifin wasu ya shafi kowa. Buhun PICS mai ninki uku, wanda masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba. Sunan gari jari ne, kuma buhu ɗaya ya isa ya ɓata shi.

5. Kada a mayar da hanya wurin tatsar direba. In an ɗaure igiya a kowane gari ana karɓar na goro, abin da jirgi ya rage na kuɗin sufuri zai ƙare kafin a kai tasha. Haraji na halal a biya shi da rasit. Abin da ba shi da rasit zalunci ne, kuma a kan manomi yake ƙarewa.

6. Kada a taɓa ƙarfen layi, kada a saye shi. Mai kwance ƙusa ɗaya yana wasa da ran ɗaruruwan mutane. Maƙeri ko ɗan gwangwan da ya sayi irin wannan ƙarfe abokin ɓarawo ne. Haka kuma kada a ɓoye mugu don ɗan gari ne. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya ci rayuka, aka sace fasinjoji, jirgin ya tsaya wata da watanni. Yankin Jibiya da Madarumfa ya sha fama da ƴan bindiga. Tsaron layin nan ya shafe mu ko da bai bi ta ƙofar gidanmu ba.

7. Kada a zuba dukan jari a ƙofa ɗaya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mun ga yadda kaya suka tsaya, farashi ya rikice. A riƙe kasuwannin Damagaram, Agadas da Yamai, kuma kada a kwashe rumbu a loda wa jirgi. Geron ci daban, na sayarwa daban.

8. Kada a sa siyasa ko hassada tsakanin Tasawa da Mayahi. In ɗaya ta samu ɗakin ajiya, ɗayar ta samu hanya, dukansu ne suka samu. Wanda ya raba kanmu a kan wa zai fara samu, shi zai tafi da rabon duka.

Iyayenmu sarakuna, masu gari, malamai, alhazai, iyaye mata da matasa, wannan magana taku ce. Kowa ya ɗauki abin da ya shafe shi cikin jerin nan ya fara a wannan kaka, ko da gyaran gada ɗaya ne, ko rajistar ƙungiya ɗaya, ko tura yaro ɗaya makarantar sana'a. Ranar da jirgi zai tsaya tashar Maraɗi, mai kaya a ɗaure shi zai yi lodi, saura kuwa kallo za su yi. Allah Ya sa a same mu cikin masu lodi, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.