Kafin Ku Yarda da Abin da Allon Kwamfuta Ya Nuna

'Ya'yana ɗalibai, ku da za ku fara darasin lissafa fiziks da kwamfuta a wannan zango, ku ba ni aron kunnuwanku kafin ku zauna gaban allo. Na san tsoron da yawancinku kuka zo da shi: ba ku taɓa rubuta furogiram ba, wasunku ma ba su taɓa mallakar kwamfuta ba. Ku kwantar da hankalinku. Python harshe ne mai sauƙin kai, cikin 'yan makonni hannunku zai faɗa. Abin da nake jiye muku daban ne. Ina jiye muku ranar da furogiram zai yi aiki lami lafiya, ya fitar da lambobi da zane mai kyau, alhali amsar ba daidai take ba. Kwamfuta ba ta san dokokin Newton ba. Abin da kuka rubuta shi take aiwatarwa, kuma yadda take miƙo gaskiya haka take miƙo shirme, ba tare da ta ce uffan ba. Tantancewa aikinku ne, kuma shi ne ainihin abin da aka kawo ku koya.

Mu ɗauki aikin da akan fara da shi: ɗan ƙarfe ɗaure a zare mai tsawon mita 1, yana lilo. Tun a sakandare kun san idan aka ja shi kaɗan aka saki, zuwa da dawowa ɗaya na cin kimanin sakan 2. Za a ce ku koya wa kwamfuta wannan motsi da hanyar Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, wadda ya bayyana a littafinsa na 1768. Hikimarta ba wuya. Ka san inda ƙarfen yake da saurinsa a yanzu, sai ka ɗauka komai zai ci gaba a haka na ɗan ƙanƙanin lokaci, ka lissafa sabon wuri da sabon sauri, ka sake maimaitawa. Layi biyar ko shida ne kawai. Ku sa takin lokacin ya zama sakan 0.01, ku zana sakamakon. Zane zai fito yana hawa yana sauka gwanin sha'awa, kuma a nan ne ɗalibai da dama kan tattara littattafansu.

Ku dakata tukuna. Ku bar shi ya yi sakan 20, ku kuma sa kwamfutar ta lissafa makamashin lilon a kowane taki. Ba ku sa gogayya ba, ba ku sa mai turawa ba, don haka makamashin ya kamata ya tsaya cik. Amma za ku tarar yana ƙaruwa da sama da kashi 20 cikin 100 a kowane zuwa da dawowa, kafin sakan 20 su cika ya ninka kusan sau bakwai. Lilon da ba wanda ya taɓa yana ta ƙara buɗewa da kansa. Babu irin wannan lilo a duniya, kuma ba ku yi kuskuren rubutu ko ɗaya ba. Aibin yana cikin hanyar ce. Ku ƙaddara mutum yana son zagaya rumbu: ya buɗe ido ya ga inda gefen rumbun ya nufa, ya rufe ido ya yi taki a miƙe, ya sake buɗewa. Da yake rumbun a lanƙwashe yake shi kuwa takinsa a miƙe, kowane taki yana ɗan nesanta shi, zagaye bayan zagaye har ya yi nisa. Haka hanyar Euler ke yi wa lilo.

Ina so ku daɗe a kan wannan aiki fiye da yadda jadawali ya tanada, domin rabin darasin duka yana cikinsa. Ku rage takin zuwa rabi, ku ga ƙaruwar ta ragu da kusan rabi. Sannan ku yi ɗan canji guda: ku fara lissafa sabon sauri, ku yi amfani da shi wajen samo sabon wuri, maimakon tsohon saurin. Alan Cromer ya yi rubutu a kan wannan dabara a 1981. Layukan ba su ƙaru ba, amma makamashin ya daina gudu, sai dai ya ɗan yi sama ya yi ƙasa a wuri guda. Daga nan ku matsa zuwa hanyar Jamusawan nan biyu, Carl Runge da Wilhelm Kutta, wadda ta samo asali daga ayyukansu na 1895 da 1901. A nau'inta da aka fi amfani da shi, idan ka raba taki biyu kuskuren kan ragu kusan sau goma sha shida. Akwai hanyoyin Runge da Kutta a shirye cikin SciPy, kundin kayan lissafi na Python, kira ɗaya ya isa, kuma nan gaba da su za ku riƙa aiki. Amma wanda bai taɓa ganin lilonsa ya haukace a hannunsa ba, ba zai san abin da zai tuhuma ba ranar da kayan da aka shirya masa suka ba shi amsar banza.

Wani zai ce, tunda mun san amsar sakan 2 ce, wahalar ta mece ce? Ai don mun san amsar ne muka fara da shi. Furogiram sai ya ci jarrabawa a inda kuka san amsa kafin ku aike shi inda ba ku sani ba. Ƙa'idar da kuka haddace tana aiki ne kawai idan an ja lilon kaɗan. Ku ɗaga shi zuwa digiri 90, lokacin zai ƙaru da kimanin kashi 18 cikin 100, ya kai wajen sakan 2.37, kuma ƙa'idar sakandare ba za ta faɗa muku haka ba. A nan kwamfuta ke nuna amfaninta. In kun samo wannan lamba, don Allah ku tashi daga kujera, ku nemi zare da ɗan kwaɗo, ku auna da agogon wayarku a kusurwoyi daban-daban. Bambancin da za ku gani tsakanin allo da zare zai sa ku tuna da iska, ku koma ku ƙara ta cikin lissafin.

Akwai kuma halin lambobi a cikin na'ura. Ku buga 0.1 + 0.2 a Python, zai ba ku 0.30000000000000004. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma 0.1 ba ya rubutuwa cif a wannan tsari, dole ta guntule shi. Guntun ƙarami ne, amma yana taruwa. Ranar 25 ga Fabrairu 1991 a Dhahran ta Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare wani makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. Agogonta yana ƙirga lokaci ne da 0.1 na sakan a guntule, bayan awa kusan 100 tana kunne kuskuren ya kai wajen sulusin sakan. Edward Lorenz kuwa, a 1961 a jami'ar MIT, ya sake shigar da 0.506 a madadin 0.506127 cikin lissafinsa na yanayi, sai hasashen ya kama wata hanya daban gaba ɗaya. Ma'auni ma haka: a 1999 Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafin ƙarfi da fam, wani kuma ya ɗauka da niwton ne. Ku riƙa rubuta ma'aunin kowace lamba a gefenta cikin furogiram.

Kada wannan ya sa ku riƙa watsi da duk amsar da ta ba ku mamaki. Lorenz bai watsar da tasa ba, ya bi diddiginta har ya gano cewa na'urar lafiyarta ƙalau, yanayin ne ke da wannan hali. Haka a Los Alamos, Enrico Fermi da John Pasta da Stanislaw Ulam sun sa na'urar MANIAC ta lissafa motsin jerin ƙananan nauyi da aka haɗa da sifirin. Sun zaci makamashin zai bazu ko'ina daidai wa daida, sai suka ga yana yawo yana dawowa kusan inda ya faro. Rahoton ya fito a 1955, ya kuma buɗe fagen bincike da har yau ake cikinsa. Mamaki yana da daraja idan ya tsira bayan kun rage taki, kun duba makamashi, kun gwada wata hanya.

Wadda ta rubuta furogiram ɗin nan na MANIAC mace ce, Mary Tsingou, kuma shekaru da dama ba a haɗa sunanta da na sauran ba. Na kawo ta ne saboda ku 'yan matana. Idan aka haɗa ɗalibai uku ko huɗu a kwamfuta ɗaya, sau da yawa namiji ke jan kibod gabansa, mace ta koma mai riƙe biro. Kada ku yarda da wannan rabo. Ku yi karɓa-karɓa, kowa ya buga da hannunsa, domin kallo ba ya koyar da wannan sana'a.

Batun ƙarancin kaya da ɗaukewar wuta, na san shi sarai, ba kuma zan ce ba komai ba ne. Amma wayar da ke aljihunku ta fi MANIAC ƙarfi nesa ba kusa ba, ana iya rubuta Python a kanta, kuma Python da kayan aikinsa irin su NumPy da Matplotlib duk kyauta ne. In wuta ta ɗauke, ku ɗauki takarda ku yi taki uku na farko da hannu. Da ma ya kamata ku yi hakan ko da wuta, don ku samu abin da za ku gwada lambobin na'ura da shi.

Na san za ku tambayi ChatGPT, za ku kuma karɓi furogiram daga abokai. Ba na cewa ku guje su, matambayi ba ya ɓata. Sharaɗina ɗaya: kada ku miƙa layin da ba za ku iya bayyana shi da bakinku ba. Ku yi wa abin da kuka karɓo irin binciken da za ku yi wa naku, in da hali ma ya fi tsanani. Ku riƙe littafin aiki, ku rubuta takin da kuka zaɓa da dalili, da abin da kuka zata kafin ku danna, da abin da ya fito. Saƙon kuskure kuma ku karanta shi a natse har ƙarshe, yakan faɗi lambar layin da matsalar take.

Ku kuma ƙannena matasan malamai da ke tsayawa a ɗakin kwamfuta, ga roƙona. Idan ɗalibi ya maƙale, hannu yakan yi ƙaiƙayin karɓe kibod a gyara masa cikin minti ɗaya. Ku daure, ku tsaya a bayansa ku tambaye shi abin da yake tsammanin layin zai yi, ku sa ya buga lambar a allo ya gani da idonsa. Wajen ba da maki, wanda ya kawo amsa mara kyau tare da bayanin yadda ya gane ba ta da kyau ya cancanci fiye da wanda ya kawo zane mai ƙyalli bai san inda ya fito ba. Kafin ku sa hannu a littafin ɗalibi, ku canja masa lamba ɗaya a furogiram ɗin, tsawon zare ko girman taki, ku ce ya faɗi abin da zai faru, sannan ya danna ku gani tare.